Ranar da Gigia Ta Yi Shiru

Scardovari, Oktoba 1964

Zuwa ga ƙanena Nereo,

Bayan gaisuwa, da fatan kai da iyali kuna lafiya a Torino. Ƙanwarmu Ines ta aiko min daga Adria cewa Baba ya zaɓi wanda zai kai shi farautar agwagi ta ƙarshe ranar bikin San Martino, kuma kai ne. To madalla. Shekara talatin ina tuƙa masa jirgi a fadamar nan, amma ashe hannun da ke ɗaure kusoshin mota ya fi nawa. Ba zan ɓoye maka ba, abin ya ƙona min rai.

Tunda an ce in koya maka, saurara. Gangar da Baba ke ɓuya ciki in yana dakon agwagi tana nan binne a laka, bakin ciyawar kachala, ka kwashe ruwanta tun jajibiri. Ku zauna iska tana bayanku, don agwagi iska suke fuskanta in za su sauka. Agwagin katako na yaudara kada ka jera su kamar sojoji, ka watsa su, ka bar fili a tsakiya. Dinya ta fi ka ido, saboda haka ka cire agogon nan naka mai ƙyalli, kuma kada ka ɗaga fuska sai ka ji fukafukai. Gigia, agwagwar kiranmu, a ƙafa ake ɗaure ta da igiya da ɗan dutse. Ita ke kiran na daji su sauko. Zan bar maka ita da toronta Moro a bukka.

Ni ranar ina shingen kifi, kada ku jira ni.

Yayanka, Ottavio

Torino

Yaya Ottavio,

Gaisuwa mai yawa, da fatan sanyi bai matsa ba. Wallahi ban roƙa ba. Ni ma da Ines ta faɗa min sai da na ce, "Ni? Mutumin da ya faɗa ruwa a bikin aurensa?" Ka zo mana, jirgin zai ɗauki uku. Na cire agogon, matata tana ta dariya.

Tambaya ɗaya. Shi Moro ina zan sa shi? Kusa da Gigia, ko yaya?

Ka gaida matarka Palmira. Ƙanenka, Nereo

Scardovari

Nereo,

Gaisuwa. Jirgin ba ya ɗaukar uku. Batun Moro kuwa, mata da miji ne, ka yi yadda ka ga dama. Ai kai aka zaɓa.

Ottavio

Adria, bayan San Martino

Yaya,

Bayan gaisuwa. Mun je mun dawo, ko gashin tsuntsu ba mu samo ba. Na yi duk abin da ka ce. Na goya Baba na sa shi a ganga, na lulluɓe shi da bargo, na ɗaure Gigia da Moro gefe da gefe don kada ta ji kewa. Gari ya waye, dinya suna wucewa ta kanmu garke-garke, ita kuwa ko uffan. Sai gyaran gashi take, shi yana zagaya ta. Na ce, "Baba, ko ba ta da lafiya ne?" Ya ce, "Lafiyarta ƙalau. Daɗi ne ya yi mata yawa." Bai ko taɓa bindigar ba. Da rana ta ɗaga ya ce mu tafi, Ines ta tuƙa mana tuwon masara muka ci gaya.

Tari ya dawo masa, likita ya ce shi da fadama har abada. Yaya, me na yi ba daidai ba?

Naka, Nereo

Adria

Yaya Ottavio,

Ina gaishe ka. Nereo ya koma Torino jiya. Baba ne ya sa ni rubuta wannan, yadda ya faɗa haka na sa, kada ka ga laifina.

Ya ce: "Ki gaya wa wancan mai taurin kan, ni na koya masa cewa Moro a kwando ake rufe shi a ɓoye cikin kachala, ta ji shi amma kada ta gan shi, sannan take kira. Ya san wannan tun yana da wando ɗaya. Idona ba ya gani, amma da na ji motsin agwagi biyu a ruwa na gane aikinsa ne. Ban gyara wa Nereo ba, don da na gyara da ya san abin da yayansa ya yi masa. Ki ce masa Nereo na ɗauka saboda bai taɓa ganin wayewar gari daga ganga tare da ni ba, shi Ottavio kuwa ya gani har ya gaji. Kuma ba dinya ta kai ni ba, hannun da ba ya riƙe cokali ina shi ina bindiga? Muryar Gigia na je ji, sau ɗaya."

Daga nan ya juya ya fuskanci bango. Ni dai na ce, Yaya, kishi da ƙanenka a waɗannan shekarun, ba ka ji kunya ba?

Ƙanwarka, Ines

Scardovari

Ines,

Gaisuwa. Na ji kunya, sai me?

Asabar zan zo a motar farko. Ki cika babban bahon wanki ki ajiye a tsakar gida, ƙarƙashin tagar Baba, ki bar tagar a buɗe. Gigia a baho, Moro a kwando bayan ƙofa. Ki ba maƙwabta haƙuri tun yanzu, don in ta fara ba ta san bari ba.

Ki rubuta wa Nereo ya zo in yana so. Amma kwandon ni zan riƙe.

Yayanki, Ottavio