Rasuwar Kawu Tsanaki a Ƙofar Lodi ta Huɗu

Cikin alhini da ɗacin ran da ba mu da niyyar ɓoyewa, Ƙungiyar Masu Lodi da Sauke Kaya, a madadin mai girma Shugabanta da dattawan Kwamitin Amintattu da ɗaukacin mambobinta, tana sanar da jama'a rasuwar babban yayanmu kuma malaminmu a wannan sana'a, direban motar ɗaga kaya da kowa ya sani da Kawu Tsanaki, wanda Allah Ya karɓi ransa ranar Talata da hantsi a bakin aikinsa a siton kamfanin da muke wa aiki. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya biyar da mahaifiya mai yawan shekaru.

Marigayin ya yi shekara ashirin da biyu yana shiga cikin tirela da kaya yana fitowa, bai taɓa fasa ko kwali ɗaya ba. Sunan Tsanaki ma tsokana ce muka laƙaba masa, domin ba ya hawa motarsa sai ya sauka daga dakalin lodi ya duba da idonsa cewa ƙugiyar ƙarfen da ke riƙe bayan tirela ta kama, kuma koriyar fitila ta kunnu. Idan muka ce, "Kawu, ka cika ɓata lokaci," sai ya yi dariya ya ce, "Ku bar ni, tuwon gidana ya fi na asibiti daɗi." Kusan duk wanda ke tuƙa motar ɗaga kaya a wannan sito a yau, a hannunsa ya koya.

Wajibi ne jama'a su san yadda ya rasu, tunda takardar da hukumar kamfanin ta liƙa a bakin ƙofa ta kira lamarin sakacin ma'aikaci. Wata huɗu ke nan da ƙugiyar ƙofa ta huɗu ta karye, fitilarta kuma ta mutu. Sau uku marigayin yana kai ƙorafi a rubuce, a na ukun mai girma Manajan Sito ya amsa masa a gabanmu da cewa, "In tsufa ya sa ka fara tsoro, ka faɗa, akwai masu jiran kujerarka." Aka ba shi waigin katako ya riƙa sawa a gindin taya.

Ranar Talata ya sa waigin da hannunsa. Yana cikin tirela da lodin tayil ɗin daɓe, aka aika wa direban tirelar cewa an gama, ya matsa domin wata motar na jira. Babu fitilar da za ta ƙaryata wannan saƙo. Tirela ta taka katakon ta wuce daidai lokacin da Kawu yake fitowa da baya, motarsa ta rufta tsakanin dakali da tirela, ta danne shi daga ƙugu zuwa ƙasa.

Bai rasu nan take ba. Ya yi kusan minti arba'in yana numfashi, yana neman ruwa, yana kiran sunan babbar 'yarsa. A cikin wannan lokaci umarnin farko da ya fito daga ofis shi ne a kare wurin da tamfol kada masu kaya su gani, na biyu kuma a ci gaba da lodi a sauran ƙofofin. Sai bayan haka aka kira motar asibiti.

Washegari mai ɗakinsa ta zo karɓar kayansa tare da ƙanensa. Aka tsayar da su a rana a bakin get fiye da awa biyu, sannan mai gadi ya miƙo mata takalmansa da kwanon abincinsa a cikin leda, ya ce an ce ta dawo da ɗayar rigar aikin da ke gida, domin ta kamfani ce. Ta ce, "To, zan wanke in kawo." Ta kuwa kawo. Ranar Alhamis, kafin jami'an bincike su iso, aka sa sabuwar ƙugiya a ƙofa ta huɗu, aka shafa mata fenti ruwan ɗorawa. Aikin bai kai rabin yini ba. Direban tirelar, wanda bai yi komai ba sai bin umarni, shi kaɗai ke tsare har yanzu.

Saboda haka Ƙungiya ta yanke cewa daga yau babu mambanta da zai sa ƙafa ko taya a cikin tirelar da ƙugiya ba ta kama ba. Takardun ƙorafin marigayin guda uku suna hannun lauyanmu. Ta'aziyyar da hukumar kamfanin ta aiko mana kuma mun mayar mata ba mu buɗe ba.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga mahaifiyarsa, Inna, da mai ɗakinsa, da 'ya'yansa da ƙannensa. Allah Ya jiƙansa, Ya sa wahalar da ya sha ta zama kaffara, Ya ba iyalinsa haƙurin jure wannan rashi, Ya raya abin da ya bari.

Ba mu roƙi iyalin su yafe wa kowa ba, har da mu. Mutum goma sha ɗaya ne suka ci gaba da lodi a bayan tamfol ɗin nan suna jin muryarsa, saboda tsoron kora. Mai sa hannu a wannan takarda yana cikinsu.

Sa hannu:
Kakakin Ƙungiyar Masu Lodi da Sauke Kaya,
Direban motar ɗaga kaya a ƙofa ta biyar.