Yatsan Maigidana Na Biyu Ya Fara Baƙi

Gwaggo, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan gaya wa. Maigidana tela ne, daga safe har yamma yana kan keken ɗinki. Ƙiba ta yi masa yawa, har abokansa na kiransa Buhu, shi ma ya yi ta dariya yana shafa tumbi. Da farko in ya ɗan yi tafiya sai ƙafarsa ta ɗaure, ya tsaya yana haki. Daga baya babban yatsan ƙafarsa ta hagu ya yi sanyi, ya yi baƙi. Watan jiya aka yanke shi.

Likita ta ce mana kitsen ciki ba kwance yake kawai ba. In ya yi yawa yakan saki wasu sinadarai cikin jini, su ɓata jijiyoyi su ƙuntata su, har jini ya kasa isa ƙafa. Ta ce zuciya ma ba ta tsira ba. Yayansa haka ya faɗi a shago, bai tashi ba.

Na rage mai da zaƙi a girki. Amma surukata kullum sai ta kai masa soyayyen nama shago, tana cewa wai yunwar da nake ba shi ce ta cinye yatsan. Shi kuma sai ya cinye naman, ya tura kwanon ƙarƙashin yadi. Jiya ina wanke masa ciwon na ga yatsan da ke kusa da wurin ya fara sauya launi. Shi ma ya gani, ya kawar da kai. Yaranmu ƙanana ne, Gwaggo.

Matar Tela

'Yata, ajiye komai ki kai shi asibiti yau. Yatsan da ya sauya launi ba ya jiran a sasanta rigimar gida, kuma ba zan ɓoye miki ba, ana iya rasa ƙafar.

Surukarki ba maƙiyiyarki ba ce. Ta binne ɗa guda, ciyarwa ce kaɗai hanyar da ta sani ta riƙe wanda ya rage. Ku tafi tare, ta ji daga bakin likita, ta ga yatsan da idonta. Sannan ki roƙe ta ta riƙa dafa masa abin da aka yarje.

Shi kuwa ba yaro ba ne, ba za ki iya gadin bakinsa ba. Ki zaunar da shi ki gaya masa tsoronki ƙarara, babu faɗa. Kitsen nan in ya ragu, jijiyoyi kan samu sauƙi, amma abin da ya mutu ba ya dawowa.

Allah ya ba shi lafiya, ke kuma ya ƙara miki juriya.