Mundayen Sallama

Tahaggart, Tamanrasset, 1966

Zuwa ga Yaya Barira a Damagaram, gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Bayan haka, an sallame mu daga aikin dutsen In Ekker. Sallamar Nasara ba irin tamu ba ce, Yaya. Ba addu'a, ba yafe juna. Su karɓe katinka, su miƙo ambulan, shi ke nan.

To mu ma leburori muna da tamu al'adar, ba mai tafiya hannu rabbana. Ni da abokina Tasi'u mun tono wayar jan ƙarfe a bakin ramin da Nasara suke fasa babban bam ɗinsu. Wani maƙeri Buzu ya ƙera wa 'yarki Ma'u mundaye biyu. Ga su nan hannun Isufu mai kamiyo, babbar motar kaya. Ki huta lafiya.

Ƙanenki, Illo

*

Illo, gaisuwa da godiya. Ashe marowaci ma yana tuna dangi! Mundaye sun iso, har na sa maƙeri ya matse su don kada su zame. Ma'u tana fitar haƙori, wuni take tana tsotsarsu, ko nono bai samu wannan gata ba. Allah ya ba ka wani aikin.

Yayarki fa ba ta yafe zanen da ka yi alkawari ba.

Barira

*

Yaya, gaisuwa a gurguje. Ki yanke mundayen nan yau. Yau, ba gobe ba. Ki binne su nesa da rijiya. Wayar nan ta ɗauki gubar bam ɗinsu.

Tasi'u da ya yi ta kwana a kan tulin wayar, gashinsa ya zube, dasashinsa jini yake yi, ruwa ma ba ya zama a cikinsa. Na je buro, ofishin Nasara, neman likitansu, mai gadi ya ce wanda aka sallama ba ruwansu da shi. Sai yanzu na gane me suka sallama: rayukanmu. Tsoro nake ji, Yaya, ban taɓa jin irinsa ba. Da hannuna na aiko wa Ma'u da su.

Allah ya tsare. Illo

*

Illo, gaisuwa. Wasiƙarka ta daɗe a hanya, kamiyo ya lalace a Agadas. An yanke, an binne.

Ma'u tana wasanta, haƙora sun fito. Sai dai da safen nan na taje mata kai, gashi ya biyo mataji da yawa. Kai ka zauna da Nasaran nan, ka sani. Don Allah ka ce mini duk yara haka suke yi.

Barira