Injin da Ya Koyi Aikin Inna

Kaduna, 1976

Inna,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da Baba da ƙanwata Zuwaira, kuma gero ya yi kyau a Zango bana. Ni lafiya lau nake.

Kin ce in gaya miki aikin da nake yi a masaƙa. Inna, kaɗinki ne, ƙarfe ke yi! Audugar takan zo mini a shiɓe, doguwa kamar igiya, mai laushi. Injin sai ya kama ta tsakanin ƙarafa masu juyawa, na gaba sun fi na baya sauri, ta miƙe ta sirance, yadda kike jan ta da yatsu. Sannan ya ɗan murɗa ta don kada ta tsinke, ya naɗe. Ba ta zama zare ba tukuna, kamar abawa take, wani injin ke ƙarasawa. Mazari ya fi ɗari a jere, babu mai gajiya. Wallahi ban gaji da kallonsa ba.

Makon jiya audugar ta tsinke, na manta na kai hannu in haɗa ta alhali injin yana gudu, yadda kike yi da naki mazarin. Shi ba ya jiran kowa, ya kama mini yatsu. Likita ya ce yatsun za su warke, kada ki tayar da hankalinki.

Ki aiko mini da daddawa ta hannun Mati direba. Allah ya ƙara miki lafiya.

Mai karanta miki zai ce rubutun ba nawa ba ne. Nawa ne, Inna, da hagu na yi.

Ɗanki,
Dabo