Shekara Uku Ina Bin Kuskuren Na'ura

Yaya,

Ina gaishe ki. Ya jikin Umma, ƙafar ta sace? Ya yara?

Lafiyata lau, sai gajiya. Kin san aikinmu neman alamar rai ne a duniyoyi masu nisa. Shekara uku ina bin wata iska da muka hango a ɗayarsu, irin wadda abu mai rai kan fitar. Ranar Talata malamin ilimin taurari ya kira ni ofis, ya ce, "Zauna tukuna." Ashe kuskuren na'ura ne, babu komai a wurin. Na nufi malamar ilimin halittu, ta ce ba fanninta ba ne. Kowannensu gani yake ni ɗalibar ɗayan ce.

Ban yi kuka ba, na dai daɗe zaune a matattakala. Sun ce in sake daga farko, saboda haka bana ma ba zan zo gida ba.

Ki bari in gaya wa Umma da bakina. In ta tambaya ko na gano wani abu, ki ce ina kan dubawa. Wannan kam gaskiya ce.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki