Albasa Biyu a Aljihuna

Riskuwa,

Na bi motar albasa zuwa Argungu, ban so in tashe ki ba.

Jiya da la'asar, kina gidan suna, na zauna koya wa Fiddausi lissafin ɗebewa. Na jera albasa biyar a tabarma, na sa biyu a aljihu, na ce saura nawa. Ta ce biyar. Sau uku ina tambaya, amsar ɗaya. Na daka mata tsawa. Tana kuka ta ce, "Baba, ai biyun suna aljihunka, kuma namu ne." Ta ce ta bar lissafi ke nan.

Tun jiya nake juya maganar. Yarinyar ta iya ƙirga, ba ta dai yarda abin da ke hannun ubanta ya fita daga gida ba. Laifina ne, ki faɗa mata haka.

Kafin ta tafi makaranta ki ba ta ƙosai biyar. Ta miƙo miki biyu, ki cinye a gabanta, sannan ta ƙirga. Kar ki faɗa mata amsar. In ta samo, ki kira wayar Tamba direba, tawa ba caji. Ina so in ji daga bakinta.

Abbas