Goron da Na Kai Elmina

Zongo, Kumasi

Zuwa ga ƙanena Kamaldeen,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Allah ya kiyaye ka da sanyin Italiya da wahalar aiki, amin. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwata da ta sa ni gaba tun azumi. Rumfata ta atamfa a kasuwar Adum tana tafiya daidai gwargwado. 'Yarka Hikma ta yi tsawo har ta kamo ni, kuma bakinta irin naka ne, ba a cin ta da gardama. Sau uku ka kira ni tun da na dawo daga Elmina, ina ce maka waya ba ta jin magana. Ƙarya na yi, Allah ya yafe mini. Wayar lafiyarta ƙalau, bakina ne ya yi nauyi, shi ya sa na zauna na rubuta, zan ba Abdul-Karim, wanda kuke Italiya tare, ya riƙo maka tunda jibi zai koma can.

Na kai goron neman auren Barkisu kamar yadda ka aike ni. Yayanta Sanni, abokinka na yarinta, shi da matarsa suka tare ni a tasha, suka hana ni ɗaukar ko jakar hannu. Ni kuwa tun a mota nake lissafin ɗanyen kifin da zan ci, sai ga shi ranar Talata na sauka, ranar da masunta ba sa shiga teku. Sanni ya yi ta dariya, wai 'yar Elmina guda ta manta da Talata, lallai Kumasi ta cinye ni. Ban yi musu ba, kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Amma Talatar ta yi mini rana, don duk jiragen ruwan suna ɗaure a ƙarƙashin gada, ɗaruruwa, kowanne da fentinsa da tutarsa, masunta na zaune a inuwa suna ɗinkin koma. Ƙamshin bandar kifi da iskar gishiri suka buge ni, sai na ga Mma mahaifiyarmu a zuciyata, Allah ya ji ƙanta, tana ciniki da bakin Fante da kwano a ka, kai kuma kana riƙe da gefen zanenta. Na tsaya a kan gadar nan na yi kuka, shekara talatin da biyar rabona da wurin.

Da la'asar suka kai ni bakin teku, can wajen itatuwan kwakwa inda kake gudu kana ihu in igiyar ruwa ta taso, kai da yanzu kake cika baki ka ƙetare teku. Muka zauna a kan rairayi muka ci dokono, tuwon masarar nan mai tsami, da soyayyen kifi da yaji, matar Sanni tana ta tura mini kan kifi wai ta ji labarin shi nake so. Gidanmu na nan, an yi masa shuɗin fenti, an sare mangwaron tsakar gida. Barkisu ce ta riƙe mini hannu muka zaga shi. Kamal, na yaba da zaɓinka. Mace ce mai natsuwa, zawarci bai sa ta ɗaci ba, kuma duk lokacin da aka ambaci sunanka sai ta gyara mayafi.

Washegari bayan azahar muka shiga wurin mahaifiyarsu, Mma Safiatu, maƙwabciyarmu ta da. Idonta ya tafi, amma hankalinta na nan garau. Ta shafa fuskata ta ce goshin mahaifiyarmu ne sak. Sanni da Barkisu ba su taɓa gaya mata maganarku ba, sun bari sai goro ya iso, don kunya. Da na ajiye goron na faɗi wanda ya aiko ni, sai ta tambaya ko Kamaldeen nata nake nufi, wanda ta shayar. Ta ce kana wata biyu Mma ta kwanta ciwo, nononta ya ɗauke, Baba yana kan hanyar fatauci, ni kuma an kai ni wurin Gwaggo a Takoradi. Ita a lokacin tana goyon Sanni, sai ta ɗauke ka, wata huɗu cur kana dama Sanni yana hagu. Har ta yi dariya cikin hawaye ta ce ka fi shi ci, kana ture shi da ƙafa. Ta ce ba ta taɓa ɗaukar abin a bakin komai ba balle ta yi ta faɗa, kuma waɗanda suka sani duk sun riga mu gidan gaskiya.

Ban yarda da kunnena kaɗai ba, muka je wurin limamin Zongonsu, na dawo nan kuma na sake tambayar malaminmu. Bakinsu ɗaya: duk abin da Mma Safiatu ta haifa ɗan'uwanka ne, Barkisu ƙanwarka ce ta nono, babu aure tsakaninku. Na san shekara shida ka yi kai kaɗai tun rasuwar uwar Hikma, na san kuma wannan ce mace ta farko da ka buɗe baki ka ce kana so. Wallahi zuciyata ta yi mini zafi dominka. Kada ka ji haushin tsohuwar nan, da ba don ita ba da babu kai balle maganar aure. Tana ta ba da haƙuri kamar ta yi laifi, ta kuma roƙa in ka zo gida ka je ta shafa fuskarka tun tana da rai. Ka je, zumunci a ƙafa yake.

Hikma tana gaishe ka, ban gaya mata komai ba tukuna. Alhaji Brimah da mutanen masallaci suna gaisuwa. Sanni ya ce kada ka daina kiransa saboda wannan. Ranar da zan baro Elmina, Barkisu ce ta raka ni tasha har na hau mota. Sai da direba ya tayar ta matso jikin taga ta ce in gaida mata yayanta na Italiya. Sau biyu ta fara kafin kalmar ta fito.

Allah ya ba ka haƙuri, ya zaɓa maka mafi alheri.

Yayarka,
Habibatu